Kafin ka ɗaga labulen likita, kashe salularka

Duk farkon wata nakan kai Inna awon tansiyo. Daga Birni muke tashi, bayan sallar asuba da ɗan kaɗan, domin wanda ya bari rana ta ɗaga to a kan benci zai wuni. Shekara ta uku ke nan muna wannan zirga-zirga, har na san fuskokin masu zuwa. Na san tsohuwar da jikarta ke riƙe mata karne, na san dattijon da ba ya rabo da tazbaha da gorar ruwa. A zaman jiran nan ne na ga abin da ya hana ni yin shiru.

A daminar da ta wuce, lokacin da masassara ta cika ko'ina, wani mutum mai babbar riga ya shiga gabanmu. Ɗakin ba shi da ƙyaure sai labule, abin da duk aka faɗa a ciki yana fitowa waje. Malamar ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta fara matsa iska, sai salula ta ɗauki kuka a aljihunsa. Ya sa hannun da ba a ɗaure ba ya zaro ta.

"Alo! Eh, ina likita. A'a, faɗi, ina jin ka. Buhu nawa suka sauke?"

Daga nan aka shiga cinikin wake. Aka yi maganar farashin Kasuwar Dole, aka yi ta Matamaye, aka koma kan direban da bai iso ba. Malamar ta sassauta iskar, ta naɗe hannu tana jira. Kusa da ni akwai wata ƙaramar mace da ta sauko da goyonta ta ɗora a cinya. Na taɓa ƙafar yaron, kamar garwashi. Ta ce min tun daren jiya ba ya kama nono, kuma daga wani ƙauye can bayan Mirriya ta taho a kan kabu-kabu. Ba ta yi ƙorafi ba. Jijjiga ƙafa kawai take, idonta a kan labule.

Ba zan zagi mutumin nan ba, domin na taɓa yin abin da ya fi nasa muni, kuma Inna ce ta sha wuyarsa.

Shekarar farko ce. Lokotoro ya duba ta, ya ce maganin da take sha bai karɓe ta ba, zai canza mata. Yana cikin bayani sai aka kira ni daga wurin aiki. Na ɗaga masa hannu alamar minti ɗaya, na juya gefe na amsa. Da na juyo, abin da kunnena ya kama shi ne "ƙwaya ɗaya da safe". Na ce to, na karɓi takarda, muka biya ta farmasi muka koma gida. Abin da ya wuce ni shi ne farkon maganar: a daina tsohon gaba ɗaya. Inna kuwa ta saki jiki, tana ganin ga ɗanta mai karatu a tsaye, ba sai ta wahalar da kanta wajen riƙewa ba. Kwana huɗu ina haɗa mata tsoho da sabo. A na huɗun ta miƙe daga alwalar azahar, jiri ya ɗebe ta, ta buga goshi a bakin randa. Har yau tabon yana nan a saman girarta ta hagu. Da muka koma, lokotoron bai yi min faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai na faɗa. Kana waya ne a lokacin." Da ya zage ni da abin ya fi min sauƙi.

Tun daga ranar nake ganin wannan magana ta fi ƙarfin a kira ta ladabi kawai. Sauraro a gaban likita yanki ne na maganin kansa. Wanda ya shiga ɗakin da rabin hankali, rabin magani zai fita da shi, wani lokaci ma ya fita da abin da zai cutar da shi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Mu duba yadda aikin yake. Mutane da yawa suna zaton na'ura ce ke gano ciwo, ko analiz, ko hoton ƙirji. Alhali mafi yawan ganowa daga bakin mara lafiya take fitowa. A 1975 wasu likitoci a Ingila suka bi marasa lafiya 80 da aka turo musu, suka tarar a 66 daga cikinsu an riga an gane cutar tun daga takardar da aka turo su da ita da labarin da suka bayar da bakinsu, kafin a taɓa jikinsu ko a ɗibi jini. Wannan a ƙasar da kayan gwaji suke a wadace ke nan. To ina ga mu? A ƙaramar likitar unguwa ko ta ƙauye, abin da majo yake da shi bai wuce abin sauraren ƙirji, da abin awon zafi, da na tansiyo, da ɗan tsinken gwajin masassara ba. Sauran duk tambaya ce. Yaushe ya fara? Da dare ya fi tashi ko da rana? Kin ba shi wani abu a gida? Akwai jini a ciki? Kowace amsa tana buɗe wata hanya tana rufe wata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin kafin a liƙe. Idan mai ɗakin yana amsawa da "eh, eh" idonsa a kan WhatsApp, ya ce kwana biyu alhali mako biyu ne, ya manta bai ambaci jiƙon da ya sha ba ko ƙwayar da ya saya a hannun mai tebur, to likita zai yi gini a kan tubalin toka, kuma ba laifinsa ba ne.

Bayan magana, aikin yana buƙatar shiru. Abin nan da suke maƙalawa a kunne, wanda wani likitan Faransa mai suna Laennec ya ƙirƙiro a 1816, sauti ne siriri yake kawowa: ɗan kukan iska a huhu, ɗan gurnani a bugun zuciya. Ƙarar saƙon murya da ɗan rakiya ya buɗe a kusurwar ɗaki ta isa ta binne shi. Yaron da ake zargin ciwon huhu, minti ɗaya cur ake ƙirga numfashinsa yana kwance lafiya lau: daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, in ya kai 50 a minti ya yi sauri, daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. A kan wannan ƙirgen ake yanke ko za a ba shi maganin ƙwayoyin cuta ko ba za a ba shi ba. Waya ta yi ƙara a tsakiya, yaro ya firgita ya fashe da kuka, sai a jira ya lafa a sake daga farko.

Awon tansiyo kuwa na san shi kamar yunwar cikina. Ƙa'ida ita ce mutum ya zauna ya huta kamar minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, kuma kada ya yi magana lokacin da ake awon. Magana kaɗai tana iya ƙara kusan ɗaya a kan lambar farko ta awon a irin lissafinmu, 13 ta koma 14. Iyakar hawan jini kuwa 14/9 ce. Ke nan mutumin da yake cinikin wake da abin awo a damtse yana iya fita da sunan mai hawan jini alhali ba shi da shi, ko a ƙara masa magani alhali wanda yake sha ya ishe shi. Malamar da ta sassauta iska ta jira shi ba jan aji take ba. Ta san lambar da za ta fito a wannan hali ƙarya ce.

Sai kuma wurin da ni na faɗi, wato bayanin magani. Ko mutum ya natsu, riƙe maganar likita ba abu ne mai sauƙi ba, saboda tsoro da ciwo suna cinye hankali. Wani masani ɗan ƙasar Holan ya tattara binciken da aka yi a kan haka a 2003, ya nuna cewa tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na abin da likita ya faɗa ana manta shi nan take, kuma wanda aka riƙe ma kusan rabinsa a karkace aka riƙe shi. A wasu ƙasashe in ka manta sai ka karanta takarda. Mu a nan takardar magani da Faransanci ake rubuta ta, da rubutun hannu wanda ko ɗan lakkol sai ya yi da gaske, kuma mafi yawan iyayenmu mata ba su karanta boko. Kunne shi ne takardarsu. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ɗauki maganin masassara da kowa ya sani, Coartem da ire-irensa. Sau shida ake sha a kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, yawan ƙwaya gwargwadon nauyin jiki, kuma an fi so a sha da nono ko abinci mai maiƙo domin ya shiga jini da kyau. Uwa nawa ce ke tsayawa a kwana na biyu da zarar jiki ya yi sanyi, ta ajiye sauran don wani yaron? Garin ruwan gishiri da sukari na gudawa, leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake damawa, abin da ya kwana ya wuni a zubar, sannan ƙwayar zinki ta ci gaba kwana 10 zuwa 14 ko gudawar ta tsaya. Maganin rigakafin masassara da ake bi gida-gida da shi a damina don yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, na ranar farko a gaban masu rabo ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa ake bari. Duk waɗannan magana ce ta daƙiƙa talatin. Wadda daƙiƙa talatin ɗin ta wuce ta, ta koma gida da magani a hannu amma ba ta san hanyarsa ba.

Wani zai ce, to ai jikina ne, in na cuci kaina ina ruwan wani? A nan ne nake ganin mun fi yin kuskure. Lokacin da kake ɓatawa a cikin ɗakin ba naka ba ne. Na waɗanda ke kan benci ne.

Jihar Damagaram ita ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a ƙidayar 2012, mutum sama da miliyan uku da rabi, kuma tun daga lokacin ƙaruwa muke yi. A Nijar gaba ɗaya likitocinmu ba su kai ko ɗaya ga mutum 10,000 ba. Babbar likitar Zinder ba ta mutanen birni kaɗai ba ce, ana turo mata marasa lafiya daga Magarya, daga Gure, daga Tanut, daga Dungas, wasu sun kwana a hanya. In watan Agusta da Satumba suka kama, je ka kowace ƙaramar likita ka ga yadda tabarmi ke cika har gindin bishiya. Ma'aikaci ɗaya ne a ciki, layi kuma ba ya ƙarewa. Yi lissafin da kanka. In mutum goma kaɗai a cikin layin suka ci minti uku-uku a waya, rabin awa ta tafi. Rabin awa ga mai ciwon baya jira ne kawai. Ga yaron da masassara ta fara taɓa wa kai, ko mai ciki da jini ya ɓalle mata, rabin awa tana iya zama tsakanin komawa gida da goyo da komawa da zane a naɗe. Mutumin da ya amsa kiran bai ga wannan ba, domin labule ya raba shi da su. Amma hakkin yana nan, kuma hakkin mutane ba ya faɗuwa don mai ɗaukarsa bai lura ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba rashin sanin ladabi ne ke damunmu ba. Mu Damagarawa da ladabi aka san mu. Wa ya taɓa ganin wanda ya zube gaisuwa a fadar Sarki sannan ya zaro waya ya ce ranka ya daɗe ɗan dakata? Wane saurayi ne zai amsa kiran abokinsa yana durƙushe gaban surukinsa? A zauren malam ana karatu, waya in ta yi kuka mai ita har gumi yake yi wajen neman inda zai danna. A ƙofar masallatai an manna takarda a kashe salula, kuma liman yakan tuna kafin kabbara. Mun san wuraren da ake ba mutum fuska gaba ɗaya. An ruwaito a siffofin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa in zai juya ga mutum da dukkan jikinsa yake juyawa. Wannan muka gada, wannan ake koya wa yara. Me ya sa ɗakin likita kaɗai muka fitar daga cikin waɗannan wurare?

Ina jin dalilin shi ne mun ɗauki wurin kamar kanti. Na biya kuɗin tikiti, a ba ni abin da na zo nema. Kuma mun ɗauki ma'aikacin kamar wani ɓangare na ginin, kamar benci ko fanka, abin da ba ya gajiya ba ya jin ciwo. Ƙanwar matata ungozoma ce. Ta taɓa ce min abin da ya fi ƙona mata rai ba zagi ba ne, ta saba da zagi. Shi ne ta kwana a tsaye, ta zauna tana yi wa mace bayanin alamomin haɗari na ciki, kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu, ta ɗaga kai ta ga matar tana murmushi ga wani bidiyo. Ta ce, "Yaya, sai in ji kamar da bango nake magana. Ta gaba in ta shigo, wallahi sai na yi da ƙyar nake sake buɗe baki da irin wancan zuciyar." Wannan ita ce ɓarnar da ba a gani. Mai shagala yana barin ma'aikaci da ɗacin rai, na bayansa ne ke sha.

Kuma ba waya kaɗai ba ce. Akwai ƴan rakiya, mutum huɗu a kan mara lafiya ɗaya, kowa yana ba da nasa labarin, ita mai ciwon ba a bar ta ta ce uffan ba. Akwai maigidan da ke amsa wa matarsa kowace tambaya, har da wadda ita kaɗai ta san amsarta. Akwai mai ɗaga labule ba sallama don "tambaya ɗaya ce kawai", alhali wata tana kwance an yaye mata zane, kamar ba a karantar da mu cewa neman izini sau uku ne ba, in an ba ka ka shiga, in ba a ba ka ba ka koma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gaskiya ne, amma ga mai wankan aka ce, ba ga duk mai wucewa ba. Mace mai ciwon sanyi, ko saurayi mai ciwon da yake jin nauyin faɗa, sai sun ga ɗaki ya yi tsit kafin su iya buɗe baki. In ɗan rakiya yana riƙe da waya a buɗe wani yana ji daga Kano ko Agadas, za su ce ciwon kai ne, a ba su maganin ciwon kai, su koma da abin da suka zo da shi. Mafi muni shi ne sabon salon ɗaukar hoto. A kawo wanda ya yi haɗarin babur jini na zuba, kafin a samu mai kama ƙafa an samu masu ɗaga waya biyar, kafin iyayensa su ji labari hotonsa ya gama zagaya gari. Wannan kam ya wuce shagala, keta haddi ne.

Sai dai dole in yi adalci, domin na zauna a bencin nan na ga wani abu kuma. Ba kowane mai waya a kunne ne mai sakaci ba. Akwai matar da aka ce sai an kwantar da ɗanta, ba ta da ikon cewa to sai ta ji daga mijinta wanda ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya. Akwai wanda aka rubuta wa analiz na jika goma, jika biyu ne a aljihunsa, yana jiran ɗan'uwa ya turo ta Nita ko Amana, kowace ƙara yana zaton ita ce. Akwai Bafillatana ko Buzuwa ko Batubiya da Hausarta ba ta isa ta faɗi inda ke mata ciwo ba, sai an kira mai fassara. Akwai kuma wanda tsoro ne ke sa shi latse-latse, yana gudun haɗa ido da mai shirin faɗa masa abin da ba ya son ji. Waɗannan ba abin a yi musu tsawa ba ne. Amma ko su akwai hanyar da ta fi. A fara da faɗa wa ma'aikaci: "Madam, ki yi haƙuri, sai na kira maigida kafin in amsa." Sai ta ce fita ki kira, in ga na bayanki, in kin gama ki dawo. Ba wanda ya yi asara. Bambancin duka a neman izinin yake.

Ita kanta salular ba maƙiyiya ba ce in an san inda za a sa ta. Yanzu nakan ɗauki hoton kwalin kowane magani da Inna ke sha, in an tambaye ni suna in nuna. Na san mai neman izinin likita ya naɗi bayanin magani da muryarsa domin a sake saurare a gida, kuma da yawa suna yarda in an roƙe su da mutunci. Ana sa ta ta yi ƙara lokacin shan ƙwaya. Duk wannan amfani ne da ke ƙara sauraro, ba ya rage shi.

Na san abin da wani mai karatu yake ta faɗa a ransa tun ɗazu: su ma'aikatan fa? Gaskiyarka. Na taɓa tsayuwa da Inna a wata likita, mai rubuta tikiti tana hira a waya tana dariya, ba ta ko ɗaga kai ta amsa sallamarmu ba, tsohuwa tana dafe da bango. Na ga wanda yake rubuta magani tun kafin mara lafiya ya gama jimlarsa ta farko. Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. Wani bincike a Amurka a 1984 ya gano likitoci kan katse mara lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara magana. A nan yankinmu ma, binciken da wasu masana biyu, Jaffré da Olivier de Sardan, suka jagoranta a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, wanda ya fito a 2003, ya bayyana yadda ake karɓar talaka da ba shi da kowa a asibiti: ba gaisuwa, ba bayani, ba kallo. Duk wanda ya taɓa zuwa ba tare da sanayya ba ya san ba ƙage ba ne. Ma'aikacin da ke son a kashe waya a gabansa, tasa ya kamata ta fara shiga aljihun tebur. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a wurin mai ciwo ta fi ƙarfin rabin allura. Amma ban yarda laifinsu ya zama hujjarmu ba. In na rama rashin kulawar malama da tawa rashin kulawar, ba ita ce za ta faɗi a bakin randa ba, uwata ce.

Hukuma ta yi abin da ke hannunta ta fuskar kuɗi. Tun 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta za a duba su, kuma daga 1 ga Satumba 2024 aka rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati. Wannan yana kawo ƙarin mutane bakin ƙofa, abin da ake so ke nan, amma yana nufin kowane minti ya ƙara tsada. Doka tana iya rage kuɗin tikiti, ba ta iya sa mutum ya saurara. Wannan aikinmu ne, kuma ba ya cin ko dala. A manna hoton waya da jan layi a kanta a bakin kowane ɗakin dubawa, da rubutu da Hausar boko da ajami, tunda dai kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa. Mai kiran suna ya riƙa faɗa da baki kamar yadda liman ke yi: mai shiga ya kashe waya, ɗan rakiya ɗaya ya isa. Gidajen rediyonmu da ke ba da fili ga gaishe-gaishe su ba wannan minti biyu. Limamai su sa shi a huɗuba a babin hakkin mutane, domin can ne mazauninsa. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta garin nan da na Jami'ar André Salifou a koya musu su rufe kowace ganawa da cewa, "To maimaita min yadda za ki sha." Tambayar nan da an yi min ita a waccan ranar, da an kama kuskurena tun ban bar ɗakin ba.

Yanzu ni nake yi wa kaina ita. Kafin mu tashi nakan ce, "Ranka ya daɗe, bari in maimaita, in na yi kuskure ka gyara min." Wayata kuwa Inna ce ta yanke mata hukunci. Da zarar an kira wanda ke gabanmu sai ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba, in kashe in ba ta, ta ƙulle ta a bakin mayafinta tare da goronta, ba ta kwancewa sai mun fito titi.

Ranar mai cinikin wake, da ya fito, mu ne a layi. Inna ta dafa gwiwata ta ce in zauna. Ta juya ga mai goyon ta ce, "Tashi ki shiga, ƴata, ni tawa tsufa ce, za ta jira." Yarinyar ta saɓa yaron a kafaɗa ta ɗaga labule. Muka ji malamar tana tambaya yaushe ya fara, muka ji tana amsawa dalla-dalla, daga nan sai ɗakin ya yi tsit, ana ƙirga numfashi.